Manchester United: Ƙungiyar 'yan reluwe da bashi ya kusa kashewa har sau biyu

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallon ƙwallo a Funtua ko Malumfashi ko Bakori ranar da Manchester United ke wasa, ya san yadda wuri ke ɗaukar zafi. Wasu na ihu, wasu na dafe kai, 'yan adawa kuma na gefe suna jiran abin tsokana. Idan muka lura da kyau da 'yan kallon da ake nunowa a filin Old Trafford, za mu ga wasunsu sun rataya mayafi mai launin kore da ruwan ɗorawa a wuya, alhali kowa ya san jar riga ƙungiyar ke sawa. Daga ina waɗannan launuka suka fito?

Amsar tana cikin tarihin farkon ƙungiyar, lokacin da ba ta da kuɗi, ba ta da filin kirki, kuma ko sunan da muka san ta da shi ba ta samu ba. Mun ga ya dace mu kawo muku wannan tarihi domin abubuwa biyu da suka raini ƙungiyar, wato jirgin ƙasa da auduga, su ne kuma suka raini garin Funtua.

Ma'aikatan gyaran taragu

A shekarar 1878 ne ma'aikatan sashen ƙera taragu da gyaransu na kamfanin jirgin ƙasa na Lancashire and Yorkshire suka kafa ƙungiyar ƙwallo a wata unguwa da ake kira Newton Heath a birnin Manchester. Sunan unguwar suka sa mata. Rigarsu kore ce da ruwan ɗorawa. Da farko da sauran sassan kamfanin da wasu kamfanonin jirgin ƙasa suke bugawa bayan an tashi daga aiki. Wasansu na farko da aka samu a rubuce sun yi shi ne a watan Nuwambar 1880 da 'yan wasan ajiya na Bolton Wanderers, aka kuma lallasa su da ci 6 da nema.

A 1892 suka shiga rukuni na ɗaya na gasar Ingila, suka kuma raba gari da kamfanin jirgin ƙasa. Shekara biyu kacal suka yi a can, suka faɗo rukuni na biyu. A tsakanin nan, a 1893, sun koma wani fili da ke titin Bank Street a unguwar Clayton, kusa da masana'antun sinadarai da ke turnuƙe wurin da hayaƙi.

Domin ku gane irin lalacewar filin, a 1895 wata ƙungiya mai suna Walsall Town Swifts ta zo wasa, ta ce ba za ta buga a cikin wannan taɓo ba. Aka zuba yashi, aka buga, Newton Heath ta zura mata 14 ba ko ɗaya. Walsall ta kai ƙara, hukumar gasa ta soke wasan ta ce a sake. Da aka sake, sai aka ci ta 9 da nema. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a filin makaranta a tsakiyar watan Agusta ya san irin filin da ake magana.

1902: Shekarar da aka kusa rufe ƙofa

A watan Janairun 1902 bashin da ake bin ƙungiyar ya kai Fam 2,670, kotu ta ba da umarnin a rushe ta. Kada ku raina wannan kuɗi. A lokacin doka ta hana a biya ɗan wasa fiye da Fam 4 a mako. Ku buga lissafi da kanku: bashin ya kai albashin ɗan wasa mafi tsada na kusan shekara 13.

Wanda ya tsaya kai da fata shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar, Harry Stafford. Ɗan wasan baya ne, ba attajiri ba, amma ya riƙa bi ƙofa ƙofa yana neman taimako. Akwai labarin da magoya baya ke yawan bayarwa, cewa Stafford yana da wani ƙaton kare mai suna Major da ake rataya wa asusu a wuya a wurin taron neman gudummawa. Wata rana karen ya ɓace, ya faɗa hannun wani attajiri mai masana'antar giya, John Henry Davies, kuma wai ta nan ne suka san juna. Ko da kare ko babu kare, abin da ya tabbata shi ne Stafford ya samo 'yan kasuwa huɗu na garin, ciki har da Davies, kowannensu ya amince zai zuba Fam 500. Davies ya zama shugaba. A watan Afrilun 1902 aka canja suna zuwa Manchester United, aka koma sa jar riga da farin wando.

Mayafin kore da ruwan ɗorawa da muke gani a yau tuni ne da wancan zamani. Magoya baya sun farfaɗo da shi a 2010 domin nuna fushinsu ga iyalan Glazer na Amurka, waɗanda suka sayi ƙungiyar a 2005 suka ɗora mata bashi mai nauyi. Saƙonsu shi ne ƙungiyar ta mutanen gari ce tun asali.

Inda Funtua ta shigo

A wannan shekara ta 1902, kuma a wannan birni na Manchester, aka kafa wata ƙungiya ta daban wadda iyayenmu da kakanninmu suka fi sani fiye da ta ƙwallo. Sunanta British Cotton Growing Association, wadda muke kira BCGA.

Manchester da yankinta na Lancashire su ne cibiyar saƙa ta duniya a lokacin. Daga can akoko da alawayyo da atamfofi da yawa ke zuwa kasuwanninmu. Sai dai ko tsiro ɗaya na auduga ba ya yi a Ingila saboda sanyi. Mafi yawan audugar daga Amurka ake kawo ta, kuma masu masaƙu ba su manta da wahalar da suka sha ba lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, sa'ad da auduga ta yanke, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Don haka suka kafa BCGA domin a nema musu wasu ƙasashen da za su riƙa noma musu ita.

Idonsu ya faɗa kan ƙasar Hausa, inda aka daɗe ana noman auduga, ko kaɗa kamar yadda mutanenmu ke cewa, ana kaɗi da saƙa da rini. A watan Fabrairun 1903 sojojin Turawa suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato. Neman auduga na cikin manyan dalilan da suka sa aka shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya isa a 1911. Amma manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja. Sai noman audugar fitarwa ya fi kafuwa a kudancin Katsina da arewacin Zazzau da yankin Gusau. Aka kafa gonar inganta iri a Daudawa, BCGA ta gina injinan gurza a Funtua da Malumfashi da Gusau, layin dogo kuma ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Har yau sunan BCGA bai ɓace daga bakin mutanen Funtua ba.

Ke nan dilolin audugar da aka loda a tashar Funtua, masaƙun Lancashire aka nufa da su, kuma ma'aikatan irin waɗannan masaƙu da na masana'antu da na tashar jiragen ruwa su ne ke biyan kuɗin ƙofa ranar Asabar su kalli ƙwallo. Da wannan a zuciya, mu koma filin wasa.

Mangnall da kofunan farko

A 1903 sabbin shugabannin suka ɗauko Ernest Mangnall daga Burnley ya riƙe ragamar 'yan wasa. Ya fara da gyara baya, inda a 1904 ya sayo Charlie Roberts daga Grimsby Town, wanda ya zama kyaftin. A 1906 United ta koma rukuni na ɗaya bayan shekara 12.

Sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Maƙwabciyarsu Manchester City ta faɗa cikin rikici. An zargi tauraronta Billy Meredith da yi wa kyaftin ɗin Aston Villa tayin Fam 10 domin ya saki wasa a 1905. Da aka dakatar da shi, sai ya tona cewa City tana biyan 'yan wasanta fiye da Fam 4 da doka ta ƙayyade, a ɓoye. Hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da 'yan wasa 17, ta tilasta wa City ta rabu da su. Mangnall ya yi wuf ya kwashi huɗu: Meredith da Sandy Turnbull da Herbert Burgess da Jimmy Bannister. Ranar 1 ga Janairun 1907 suka fara bugawa, United ta ci Aston Villa 1 da nema, Meredith ya bugo, Turnbull ya zura.

Shi wannan Meredith mutumin Wales ne, kuma tun yana ɗan shekara 12 yake aiki a ramin haƙar kwal. An san shi da tauna tsinken sakace yana cikin wasa, kuma bai ajiye takalmi ba sai da ya kai shekara 49.

Da waɗannan mutane United ta ɗauki kofin gasar Ingila karo na farko a 1908, da tazarar maki 9. A 1909 ta ɗauki kofin FA bayan ta ci Bristol City 1 da nema, Turnbull ne kuma ya ci. A 1911 ta sake ɗaukar kofin gasa.

'Yan wasan da suka ƙi sunkuyar da kai

Akwai wani abu da 'yan wasan wancan lokaci suka yi wanda ya fi kofi daɗewa. A watan Disambar 1907 Meredith da Roberts suka jagoranci taro a wani otal a Manchester, aka kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa. Kukansu shi ne an ƙayyade musu albashi, ba su da ikon barin ƙungiya sai ta yarda, kuma wanda ya karye a fili ba shi da madogara.

A 1909 hukumar ƙwallo ta ce kowa ya fita daga ƙungiyar ko a dakatar da shi. Da yawa a wasu garuruwa suka janye, amma 'yan United suka ƙi. Aka tsayar musu da albashi, aka hana su shiga filinsu, suka koma yin atisaye a wani wuri da kansu. Har hoto suka ɗauka da allo a gabansu an rubuta Outcasts, wato korarru. Daga ƙarshe aka sasanta, ƙungiyar ta tsira, kuma ita ce ake kira PFA a yau. Dokar ƙayyade albashi kuwa ba a soke ta ba sai a 1961. Duk ɗan wasan da ke kwasar maƙudan kuɗi a gasar Firimiya yanzu, har da 'yan Najeriya, yana cin gajiyar tsayin dakan waɗancan mutane.

Old Trafford

Davies ya ga cewa filin Bank Street bai dace da zakarun ƙasa ba. Ya ba da kuɗi aka sayi fili kusa da rukunin masana'antu na Trafford Park da mashigin ruwan da aka haƙa domin manyan jirage su riƙa kawo kaya, ciki har da auduga, har cikin Manchester. Wani mai zanen gine-gine ɗan Scotland, Archibald Leitch, ya tsara filin da zai ɗauki kimanin mutum 80,000. Aka buɗe shi ranar 19 ga Fabrairun 1910. Magoya bayan Liverpool da ke cikinku za su ji daɗin wannan: su ne baƙin farko, kuma su suka yi nasara da ci 4 da 3.

Ranar da caca ta shiga fili

Wannan sashe muna so ku karanta shi a tsanake, musamman ganin yadda shagunan cacar ƙwallo suka cika garuruwanmu, ta kuma shiga cikin wayoyin hannu.

A 1912 Mangnall ya koma Manchester City, ƙungiyar ta fara ja da baya. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, United na gab da faɗawa rukuni na biyu. 'Yan wasa sun san za a dakatar da gasa, albashi zai tsaya. Ranar 2 ga Afrilu United ta karɓi Liverpool a Old Trafford ta ci 2 da nema. 'Yan kallo sun ga abin mamaki. An ba United fenareti aka buga ta can nesa da raga. Wani ɗan Liverpool, Fred Pagnam, ya buga ƙwallo ta daki ƙarfen raga, sai wasu abokan wasansa suka hau shi da faɗa. Daga baya masu karɓar caca suka lura an zuba kuɗi masu yawa a kan cewa za a tashi 2 da nema daidai.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Hukuma ta yi bincike, a watan Disamba ta haramta wa 'yan wasa bakwai ƙwallo har abada, huɗu na Liverpool, uku na United: Enoch West da Arthur Whalley da Sandy Turnbull. Shi dai Turnbull ɗin da ya ci musu kofin FA. Ya shiga soja, aka kashe shi a fagen yaƙi a Arras ta ƙasar Faransa a 1917. Bayan yaƙi aka yafe wa sauran saboda hidimar da suka yi wa ƙasa, ban da West wanda ya dage cewa bai yi laifi ba. Shi sai a 1945 aka ɗage masa, yana dab da shekara 60.

Abin bai tsaya a kansu ba. Makin da United ta samu a wannan wasa ya sa ta tsira, Chelsea ta faɗa sahun masu faɗuwa tare da Tottenham. Da aka dawo gasa a 1919 aka ƙara yawan ƙungiyoyi daga 20 zuwa 22, aka bar Chelsea a rukuni na ɗaya. Gurbin da ya rage aka jefa ƙuri'a, Arsenal wadda ta zo ta biyar a rukuni na biyu ta doke Tottenham. Tun daga ranar Arsenal ba ta sake faɗuwa ba. Wasa ɗaya da aka sayar ya taɓa tarihin ƙungiyoyi biyar da muke gardama a kansu a yau.

Bashi ya sake dawowa

Shekarun da suka biyo baya na wahala ne. United ta faɗi a 1922, ta dawo a 1925. Davies ya rasu a 1927. Sannan karayar tattalin arzikin duniya ta zo, masaƙun Lancashire suka yi ta rufewa, ma'aikata ba su da kuɗin shiga kallo. Wannan karayar ce kuma ta karya farashin auduga da gyaɗa a hannun manomanmu. A kakar 1930 zuwa 1931 United ta sha kashi a wasanni 12 na farko a jere, aka zura mata ƙwallo 115 kafin kaka ta ƙare, ta sake faɗuwa. Filin da aka gina wa mutum 80,000 ya koma ana samun ƙasa da 4,000 a wani wasan.

A watan Disambar 1931 babu ko kuɗin albashi. Sai wani ɗan kasuwa mai ɗinka kakin soja, James Gibson, ya ba da Fam 2,000 aka biya 'yan wasa, daga baya ya karɓi shugabanci. Duk da haka, a 1934 sai a wasan ƙarshe, da suka ci Millwall 2 da nema, suka tsira daga faɗawa rukuni na uku.

Gibson ya gane cewa ƙungiyar da ba ta da kuɗin sayen taurari dole ta raini nata. A 1938 aka kafa sashen matasa da ke zaƙulo yara daga makarantu da unguwanni. Wannan shuka ce Matt Busby, wanda ya zo a 1945, ya girba, kuma daga wannan gona daga baya su Bobby Charlton da Ryan Giggs da Marcus Rashford suka fito.

Mu kuma fa?

A Najeriya ma jirgin ƙasa ya taka rawa a ƙwallo. Bayan da aka fara gasar Kofin Gwamna a 1945, ƙungiyar 'yan reluwe ta Legas ce ta fi kowa ɗaukarsa a shekarun farko, kuma 'yan wasanta na cikin tawagar Najeriya ta farko da ta je Ingila a 1949, wadda yawancinta ba takalmi suka buga. Sai a 2020 ɗan Najeriya na farko, Odion Ighalo, ya sa rigar United. Ahmed Musa kuwa a Kano Pillars ya yi suna kafin ya kai Leicester City.

Ba laifi ba ne mu so ƙungiyar waje. Amma mu tambayi kanmu: yaushe rabon da mu je mu kalli wasan makarantarmu ko na unguwarmu? Mu nawa ne muka san sunan 'yan wasa biyar na Katsina United, ko muka taɓa shiga filin wasa na Muhammadu Dikko? A 1902 da 1931 ba wani daga wata ƙasa ya ceto United ba. Kyaftin ɗinta ne da 'yan kasuwar garinta, sai kuma yaran makarantun da aka ba dama. Ƙungiyar unguwarku da ke karo-karon kuɗin ƙwallo da riga ba ta fi Newton Heath ta 1880 talauci ba. Abin da za ta buƙata shi ne a rubuta abin da ya shigo da wanda ya fita, a guji bashin da ba a san yadda za a biya ba, a nisanci caca, a kuma bar ƙanana su buga.

Aikin wannan mako

Ga abin da muke so ku yi kafin fitowa ta gaba. Na ɗaya, ku lissafa mako nawa ɗan wasa mai karɓar Fam 4 zai yi kafin ya tara Fam 2,670. Na biyu, ku samu taswirar Najeriya ku bi layin dogo daga Ƙaura Namoda zuwa Legas, ku rubuta manyan tashoshin da dilar auduga za ta ratsa. Na uku, ku zauna da wani dattijo a gidanku ko unguwarku ku tambaye shi yadda kasuwar auduga take a zamaninsa, da kuma sunan ƙungiyar ƙwallo ta farko da ya sani a garinku da waɗanda suka kafa ta. Ku rubuta abin da ya faɗa muku, ku nuna wa malaminku na tarihi, ku kuma aiko mana. Waɗanda suka fi tsari za mu buga su a wannan shafi.